Wa Ya Fi Kowa? Tarihin Musun Da Ya Ƙi Ƙarewa a New Bell

Tun ranar da aka fitar da sunayen 'yan wasan Kamaru da za su tafi Maroko gasar cin kofin Afirka, a farkon watan Disamba na 2025, aka duba babu sunan Vincent Aboubakar, teburan masu shayi a New Bell, unguwarmu a birnin Duwala, ba su sake samun sukuni ba. Abin ya zo ne ana cikin wani ɓacin ran. Makonni kaɗan kafin nan Kwango Kinshasa ta tare mana hanyar zuwa kofin duniya da ci ɗaya mai ban haushi a Rabat, sannan hukumar ƙwallo ta ƙasa, wadda Samuel Eto'o ke shugabanta tun Disambar 2021, ta sallami koci Marc Brys ta ɗora David Pagou. Nan da nan masu lissafi suka ɗauko alƙalami. Eto'o ya ci wa Kamaru ƙwallo 56, ba wanda ya kai shi, shi kuwa Aboubakar ya haura 40 yana tafe. Sai zance ya bazu cewa an ajiye ɗan Garwa ne don kada ya kamo shugaba. Zargi ne na bakin titi, ban kuma ba shi wani nauyi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne inda hirar take sauka kullum. Ko daga ina aka faro ta, ba a watsewa sai an koma kan tsohuwar tambaya: a duk 'yan wasan gaban da ƙasar nan ta haifa, wa ya fi kowa?

Wannan musu ya girmi yawancin masu yin sa, kuma a garin nan aka haife shi.

Farkon tamaula a Duwala labari ne mai hazo. An fi danganta shigowarta ga wani mai ɗaukar hoto ɗan Saliyo, Georges Goethe, a farkon shekarun 1920, wanda aka ce shi ya fara buga ta a titi bayan an tashi daga aiki. Unguwarmu ma a lokacin jaririya ce. Jamusawa ne suka shata ta gab da yaƙin duniya na farko, da nufin kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogi su mayar da su cikin tudu, rigimar da ta kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Masu gari ba su karɓi wurin ba. A zamanin Faransawa gidan Bell ya tare a Bali, New Bell kuwa ta zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Ewando, mutanen Legas, da kakanninmu fatake da mahauta da dillalan shanu. Da ƙungiyoyin ƙwallo suka fara kafuwa, sai kowace ta bi layin gidan sarauta. Akwa tana da Caïman, Deido tana da Léopard, mutanen Bell da Bali suna da Oryx, wadda aka kafa a 1927. Baƙin New Bell sai a ƙarshen shekarun 1950 suka sami tasu, Union, mai kore da fari, wadda ake yi wa kirari da Nassara. Dattawanmu na wancan lokaci ba su ɗauki tamaula a bakin komai ba, yaron da aka kama ya tsallake makarantar allo ya tafi fili ya san sauran. Amma 'ya'yansu sun leƙa, jikokinsu kuma sun faɗa ciki tsundum.

Sunan farko da aka taɓa ɗorawa a saman kowa shi ne Samuel Mbappé Léppé, kyaftin ɗin Oryx, wanda ake kira Marshal. Da shi Oryx ta ɗauki kofin ƙasa a 1961, 1963, 1964, 1965 da 1967. Da shi kuma ta je Ankara, babban birnin Gana, a watan Fabrairun 1965 ta doke Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1, ta zama ƙungiya ta farko da ta taɓa ɗaga kofin zakarun kulob-kulob na Afirka. Kofin da Al Ahly da TP Mazembe da Enyimba suka zo suna taƙama da shi daga baya, a Bali ya fara kwana. Tsofaffin da suka gan shi a filin Akwa, filin da yau yake ɗauke da sunansa, idan suna ba da labari sai ka ga sun miƙe daga benci suna kwatanta tafiyarsa: dogo, ƙirji a buɗe, kai a sama, ba ya duban ƙwallon da ke ƙafarsa. An ruwaito Roger Milla da kansa yana sanya shi a gaban duk wanda ya taɓa buga wa Kamaru.

To a nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin a nan dalilina yake. A daidai shekarun da Mbappé Léppé ke tashe, akwai 'yan Kamaru da ke cin kasuwarsu a Faransa. Eugène N'Jo Léa ya ɗauki gasar Faransa da Saint-Étienne a 1957, shi ne kuma ya haɗa kai da Just Fontaine suka kafa ƙungiyar ƙwadagon 'yan ƙwallon Faransa a 1961. Zacharie Noah ya ɗauki kofin Faransa da Sedan a wannan shekarar. Joseph Yegba Maya ya zura wa Marseille ƙwallo fiye da 100. Da ma'aunin yau za a auna, waɗannan su ne manya, Marshal kuwa ɗan wasan gida ne kawai. Amma ba wanda ya taɓa kawo sunansu cikin musu a Duwala, saboda ba wanda ya gan su. Jarida ce ke zuwa da labarinsu bayan kwanaki, shi kuwa Marshal ana biyan kuɗin ƙofa ranar Lahadi a gan shi ido da ido. Gani ya kori ji. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da aka sauya sunan gwanin gwanaye a garin nan, in ka bincika za ka tarar inda mutane ke kallon ƙwallo ne ya sauya. Daga fili aka koma rediyo, daga rediyo aka koma talabijin, daga nan gidan kallo, yau kuma waya a tafin hannu.

Na san akwai masu wani bayanin. Wasu na cewa ƙabilanci ne, kowa nasa yake yabo. A ƙasar da kulob-kulob suka tashi a kan layin ƙabila ba za a ce maganar banza ce ba. Sai dai ta rushe a kan mutum biyun da aka fi yin musun a kansu, domin Milla da Eto'o duk Basa ne, kuma a majalisarmu ta Hausawa, inda ba mu haɗa jini da ko ɗaya ba, nan ne ma aka fi ɗaga jijiyar wuya. Wasu kuma na cewa shekaru ne, kowa gwanin ƙuruciyarsa yake riƙewa. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma bai gamsar da ni ba. In da shekaru ne kaɗai, da me za a bayyana yadda sa'o'in Milla, waɗanda suka yi shekara goma sha biyar suna kallonsa ɗaya daga cikin gwanaye da yawa, suka wayi gari a 1990 suka ɗaga shi sama da kowa, alhali ƙarfinsa ya riga ya ja baya?

Kamaru ta fara zuwa gasar kofin Afirka a Sudan a 1970. Bayan shekara biyu ta karɓi baƙuncinta, aka gina filin Réunification a Bepanda da babban filin Yawunde, sai Kwango Barazabil ta fitar da masu gida a wasan kusa da na ƙarshe. Zafin wannan kaye ne ya sa gwamnatin Ahmadu Ahijo ta yi wa harkar garambawul, daga nan kuma ƙungiyar ƙasa ta sami sunan da take amsawa har yau, Zakunan da ba sa horuwa. A wannan zamanin ne aka yi shekara goma da ƙwallon gida bai taɓa ganin irinsu ba. Canon ta Yawunde ta zama zakaran Afirka a 1971, 1978 da 1980. Tonnerre ta ɗauki kofin masu kofuna na farko a 1975. Tamu kuwa, Union, ta doke Hearts of Oak ta Gana a bugun fenareti ta ɗauki babban kofin a 1979, sannan a 1981 ta ƙara da kofin masu kofuna a kan Stationery Stores ta Legas. Joseph-Antoine Bell ne ke tsaron ragar Union a waɗannan shekaru, shi ya sa har gobe in aka tayar da ɗayan musun, na gwanin gola tsakanin Bell da Thomas N'Kono, mutumin New Bell ba ya jiran a gama tambaya.

A wannan zamani kujerar gwani ba ta mutum ɗaya ba ce. Mujallar France Football ta zaɓi Milla gwarzon Afirka a 1976, N'Kono a 1979 da 1982, Jean Manga-Onguéné a 1980, Théophile Abéga, wanda ake kira Dakta, a 1984. Ƙasa ɗaya, mutum huɗu, cikin shekara tara. Milla, haifaffen Yawunde a 1952, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Duwala kuma ya fara suna. Ya buga wa Éclair, ya koma Léopard ta Deido ya ɗauki kofin ƙasa da ita, sannan Tonnerre ta ɗauke shi. Masu bin ƙwallon Najeriya za su tuna cewa a hannun Tonnerre ɗin nan tasa IICC ta Ibadan ta karɓi kofi a 1976. Da ya tafi Faransa a 1977 sai ya ɓace wa idon mutanen gida. Valenciennes, Monaco, Bastia wadda ya ci wa ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Faransa a 1981, sai Saint-Étienne da Montpellier, waɗanda duk a rukuni na biyu ya same su ya taimaka suka hau. Aiki ne mai kyau, amma ba irin wanda ake ce wa mutum ya fi kowa saboda shi ba.

A tuna kuma, Kamaru ba ta da gidan talabijin sai 1985. Wasanni uku na kofin duniya a Sifen a 1982, inda aka yi kunnen doki da Peru da Polan da Italiya aka dawo gida ba a sha kaye ba, yawancin mutane a kunne suka kalle su. Ƙwallon da Milla ya ci Peru alƙali ya ce satar gida ce, rediyo ne ya faɗa musu, suka kuma yi ta rantsuwa a kai ba su gani ba. Haka wasan ƙarshe na Abijan a 1984, da Muda Lawal ya fara ci wa Najeriya kafin Ndjeya da Abéga da Ebongué su rama har uku. Muryoyin irin su Abel Mbengue da Zachary Nkwo su ne idon jama'a. Mai sharhin rediyo kuwa kowa yake kira, daga gola har na gaba, shi ya sa yabon ya rarrabu. A ƙarshen shekarar da talabijin ya iso, 1985, Mbappé Léppé ya rasu. Akwatin da zai naɗa sarakunan gaba bai taɓa nuna shi yana wasa ba.

Sai 1990. Milla yana da shekara 38, ya riga ya yi bikin ban-kwana da ƙungiyar ƙasa, yana can tsibirin Réunion yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya, Saint-Pierroise. Shugaba Paul Biya ne ya sa baki aka sa sunansa, ba kuma kowa ya ji daɗin haka ba a cikin 'yan wasan da manema labarai. Kocin, Valery Nepomnyashchy ɗan Tarayyar Sobiyet, bai fara wasa ko ɗaya da shi ba, daga benci yake tasowa. Ranar 8 ga Yuni a Milan, François Omam-Biyik ya yi tsallen nan da har yau ake nunawa, ya sa wa Ajantina ta Maradona ƙwallo da ka, aka tashi Kamaru na da mutum tara a fili bayan jan kati biyu. Da Romaniya, Milla ya shigo bayan hutun rabin lokaci ya ci biyu. Da Kolombiya a Naples, a cikin ƙarin lokaci, ya ci ɗaya, bayan minti biyu ya hango gola René Higuita ya fito kusan tsakiyar fili yana son yin yanka, ya zare ƙwallon daga ƙafarsa ya ruga da ita har raga. Kowace ƙwallo kuma sai ya nufi tutar kusurwa, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a sama, yana karkaɗa ƙugu. Washegari duk lungun da ka leƙa daga Kasuwar Kwango zuwa Nkololoun, yara sun kafa kara a ƙasa suna wannan rawar.

Wasan Ingila na ranar 1 ga Yuli ya fi komai nuna ko wane ne shi, duk da bai ci ba. An tafi hutu David Platt ya sa Ingila a gaba. Milla ya shigo, Gascoigne ya kayar da shi a da'ira, Emmanuel Kundé ya buga fenareti ta shiga. Bayan minti huɗu Milla ya zura wa Eugène Ekéké wata ƙwallo a tsakanin masu tsaron baya, aka koma 2 da 1. Saura minti bakwai Kamaru ta kai wasan kusa da na ƙarshe Gary Lineker ya rama da fenareti, ya sake ƙara wata a ƙarin lokaci. An fita, amma ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa nan kafin wannan rana, kuma a gasar da ta biyo baya gurbin Afirka ya tashi daga biyu zuwa uku. Wannan karon kowa ya gani. Gidan da ke da talabijin a unguwa ya fito da shi tsakar gida ya ɗora a kan tebur, maƙwabta suka cika har ƙofar zaure, mata na leƙe ta taga. Abéga da Manga-Onguéné ba su sami irin wannan daren ba. Milla ya ƙara da ƙwallon da ya ci Rasha a Amurka a 1994 yana ɗan shekara 42, ranar da aka yi mana 6 da 1, ya zama mafi tsufan da ya taɓa ci a kofin duniya.

Daga nan ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙwallon gida. An zaftare albashin ma'aikata a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, attajiran da ke riƙe da kulob suka janye hannu. A ƙarshen 1995 hukuncin Bosman ya buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai. Makarantun ƙwallo irin ta kamfanin Brasseries da ta Kadji suka koma renon yara don fitarwa waje tun ba su yi gemu ba. Tun kofin Union na 1981 babu kulob ɗin Kamaru da ya sake ɗaga kofin nahiya, Coton Sport ta Garwa ce ta kai wasan ƙarshe a 2008 Al Ahly ta tare ta. Filin Bepanda ya koma fayau ranar Lahadi, jama'a suka koma rumfunan kwano masu benci da tauraron ɗan'adam, inda ake rubuta wasannin ranar da alli a allo, a biya 'yan sulalla a shiga. Wannan abu yana ci mini rai, domin yaron New Bell na yau zai lissafa maka 'yan benci na Real Madrid, amma ka tambaye shi mutum uku a Union sai ya yi shiru.

A wannan rumfar aka naɗa Eto'o, kuma ɗan unguwa ne. An haife shi a 1981, a layukan New Bell ya tashi yana buga ƙwallo a turɓaya har ana kiransa ƙaramin Milla. Daga makarantar Kadji ya wuce Real Madrid yana ɗan shekara 16. Kafin ya zama sarki sai da ya yi zaman ƙane a gefen Patrick Mboma, wanda mutane ke saurin mantawa, alhali shi ne gwarzon Afirka na 2000, mai ƙafar hagun da gola ke tsoro, mai ƙwallon nan ta wuntsila gudidi da ya ci Faransa a birnin Faris. Su biyun ne suka ci a Legas ranar 13 ga Fabrairun 2000. Ba na jin akwai wasan da ya taɓa raba gidajenmu kamar wannan. A gida ɗaya za ka sami kaka wanda har ya mutu Bakano yake kiran kansa, da jikan da bai taɓa tsallaka iyaka ba, katin ɗan ƙasarsa na Kamaru ne, ga kuma rigimar Bakasi tana ci a lokacin, kowa na auna abin da zai faɗa a waje. Eto'o ya ci, Mboma ya ƙara, samari suka hau ihu. Raphael Chukwu ya rage, Okocha ya farke da wata ƙwallo daga nesa, sai aka ji tafi daga ɓangaren dattawa. A bugun fenareti Alioum Boukar, ɗan arewacin Kamaru, ya tare ta Kanu, ta Victor Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗa bayan layi alƙali bai gani ba, Rigobert Song ya rufe. Gaskiya ƙwallon Ikpeba ta shiga. Kofi na uku ke nan, 1984, 1988 da 2000, dukkansu a kan Najeriya, kuma na 1988 ma 'yan'uwanmu na can ba su daina kukan ƙwallon Henry Nwosu da aka soke ba.

Abin da Eto'o ya tara bayan nan ba ya buƙatar ado. Zinaren Olamfik a Sidni a 2000, kofin Afirka na biyu a Mali a 2002. Kofin Sarkin Sifen da Mallorca a 2003. A Barcelona ya fi kowa ci a gasar Sifen ta 2006 da ƙwallo 26, ya ci Arsenal a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a wannan shekarar, ya ci Manchester United a na 2009, shekarar da suka haɗa kofi uku. Ya koma Inter ya sake haɗa kofi uku a 2010, shekara biyu a jere da ƙungiya biyu daban. A wasan da Inter ta fitar da Barcelona tana da mutum goma, ya koma baya ya yi aikin mai tsaron gefe ba tare da girman kai ba, ni kuwa wannan daren ya fi burge ni a kan ƙwallaye da yawa. Gwarzon Afirka sau huɗu. Ƙwallo 18 a gasar kofin Afirka, ya shafe tarihin Laurent Pokou na 14. Duk Asabar da Talata unguwa na ganinsa, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, na liƙa hotonsa a tankin babur, magoya bayansa suka kafa majalisarsu da suke kira Parlement 9.

Musun da muke yi yau ranar haihuwarsa sananniya ce. A watan Mayun 2010, ana shirin kofin duniya na farko a ƙasar Afirka, Milla ya fito ya ce Eto'o ya yi wa Barcelona da Inter komai amma bai yi wa Kamaru ba. Eto'o ya fusata har ya yi barazanar ƙin zuwa. Maganar Milla ta yi tsauri, domin mai kofin Afirka biyu da zinaren Olamfik ba a ce masa bai yi komai ba. Amma abin da ya faru a fili bai taimaki ƙanen ba. An sha kashi a wasa uku a Afirka ta Kudu, aka sake shan uku a Birazil a 2014, bayan rigimar kuɗin alawus da ta jinkirta tashin jirgi, har 'yan wasa biyu suka yi karo da ka a gaban duniya. Eto'o ya je kofin duniya huɗu, ya ci ƙwallo uku, bai taɓa tsallake rukuni ba. Tun daga nan aka ja daga. Kwanan baya a teburin mai shayi na ji wani saurayi, waya a hannu, yana ce wa wani dattijo mai sayar da goro: "Baba, don Allah shi Millan nan naku kofin zakarun Turai nawa ya ɗauka?" Tsohon ya kurɓi shayinsa ya ce: "Yaro, ajiye wayar nan. Shi naka, ranar da ya sa rigar ƙasa, wace ƙasa ce ta ji tsoronmu?"

Saurayin da lissafi yake yaƙi, kuma lissafi makamin zamanin waya ne. Sai dai lissafi yana fifita wanda aka ƙirga masa. Ƙwallayen Eto'o duk a rubuce suke, da minti da hoto. Na Milla a ƙungiyar ƙasa littattafai sun saɓa a kan adadinsu, na Mbappé Léppé kuwa yawancinsu a ƙwaƙwalwar tsofaffi suka rage. Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A irin ƙwallon da Amurkawa ke yi, wadda ake rungumar ƙwallo a kutsa cikin ƙarti da gudu, Emmitt Smith ne ya fi kowa tara tazara, yadi 18,355 cikin kaka 15. Jim Brown yadi 12,312 ya tara, domin kaka tara kacal ya buga, daga 1957 zuwa 1965, lokacin da wasannin shekara ba su kai na yanzu yawa ba. Duk da haka in masana wasan suka zauna jera gwanaye, da yawansu Brown suke sa wa a gaba, saboda sun duba yadda ya fi mutanen zamaninsa da kuma yadda ya bar wasan bayan ya same shi.

Shi kuwa Aboubakar, wanda ya tayar da ƙurar ƙarshen 2025, ina ganin ana rage masa haƙƙi. A Libreville ranar 5 ga Fabrairun 2017, da tawagar da manyan 'yan wasa da dama suka ƙi amsa kiranta, ya shigo daga benci, a minti na 88 ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta ta kan mai tsaron bayan Masar, ya doka kafin ta zauna, Essam El-Hadary yana kallo. Kofi na biyar ke nan. A gasar da aka yi a gida a farkon 2022 ya ci takwas. A Katar ya ci Birazil da ka a ƙarshen wasa, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke ta a kofin duniya, ya tuɓe riga ya karɓi jan katinsa yana murmushi. A Turai bai kai ƙurar Eto'o ba, shi ya sa gidan kallo bai naɗa shi ba. A rigar ƙasa kuwa, a manyan ranaku, ba na jin Eto'o ya fi shi da nisa. Shi ma daga kulob ɗin gida ya fito, an gan shi a Garwa da rigar Coton Sport kafin Faransa ta gan shi.

Ga nawa jerin, kuma na san za a tare ni da shi a bakin masallaci. Na biyar Patrick Mboma, da ɗan rinjaye kaɗan a kan Omam-Biyik. Na huɗu Vincent Aboubakar. Na uku Samuel Mbappé Léppé, bisa shaidar waɗanda suka gan shi da kuma kofin 1965 da ba wanda zai sake zama na farkon ɗauka. Na biyu Samuel Eto'o, ɗan unguwarmu, wanda babu ɗan Kamarun da ya kai shi a Turai, ba kuma na ganin za a yi nan kusa. Na ɗaya Roger Milla. Shi kaɗai ne aka auna da kowane ma'auni ya cika: an biya kuɗin ƙofa an gan shi a Duwala da Yawunde ya ɗauki kofi, an ji shi a rediyo ya ɗauki na Afirka a kulob da ƙasa, sannan talabijin ya same shi da tsufansa ya nuna wa duniya. Da hukumar ƙwallon Afirka ta cika shekara 50 a 2007 ta zauna zaɓen ɗan wasan da ya fi kowa a nahiyar cikin wannan rabin ƙarni, Milla ta zaɓa, a lokacin kuwa Eto'o na tsakiyar tashensa a Barcelona da kyautar gwarzon Afirka uku a hannu.